Man Kaɗe a Kan Kujerar Baba

Kujerar maɗacin da Baba yake zama a kai a zaurenmu na Kebbe ta biyo mu Tambuwal bayan rasuwarsa. Ta daɗe a baranda, rana ta cinye launinta har ta yi fari.

Da Sallah ta gabato, ƙanwata ta sa a yi wa ƙofofi shuɗin fenti kamar kowace shekara.

"Yaya, a haɗa da wagga kujera, a rufa mata asiri," in ji ta.

Na hana. Tafin Baba ya suɗe hannuwan kujerar har ya bar gurbi, fenti kuwa zai binne shi. A Kumasi na ga kafintoci suna kankare tsohon katako ya koma sabo, a Hartum kuma mai kawai suke ba shi. Na bi hanyar mutanen Hartum. Na goge dattin da jiƙaƙƙen tsumma, na narkar da man kaɗe a rana, ina shafawa kaɗan-kaɗan itacen yana sha.

Sannu a hankali jan launin maɗacin ya dawo, gurbin ya fi ko'ina duhu. Ƙanwata ta ɗora tafinta a wurin, ta jima ba ta ɗauke ba. Ragowar fentin akurkin kaji aka shafa wa.