Malama Salamatu da Filin da Mata Suka Daɓe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2008, mako biyu bayan ƙaramar sallah, Allah Ya karɓi ran Hajiya Salamatu Manu a gidanta da ke Rano, bayan jinyar da ta sha tun tsakiyar damina. Ina cikin aji ina koyarwa aka leƙo aka gaya mini. Na ajiye alli na zauna.

Malama, yaran yanzu sun san ki tsohuwa mai ciwon gwiwa, mai yawan faɗa a kan latti. Ba su san cewa a farkon shekarun saba'in, in kika shiga filin tanis da raket a hannun hagu, abokiyar karawarki tun daga nesa take karaya ba. Shekara uku a jere kofin mata bai bar hannunki ba. Kin sha ba mu dariya da labarin kakarki ta Rurum, wadda take make miki hagun nan da ludayi duk sa'ad da kika kai shi akushi. Ranar da kika kawo mata kofin farko, ta juya shi ta duba, ta ce, "Ashe hannun banzan nan yana da rana." Washegari kika tarar ta zuba daddawa a ciki.

Ni dai ba a zamanin kofi na san ki ba. Ina aji huɗu a makarantar 'yan mata ta hanyar Kibiya, inda kike koya mana wasanni, aka ƙaddamar da shari'a, iyaye suka ce ba su yarda 'ya'yansu su riƙa tsalle a fili maza na wucewa suna kallo ba. Mahaifina, Malam Shitu, shi ne kan gaba. Ya ce in na sake taɓa ƙwallo, karatun ma ya ƙare. Wallahi na yi kuka har idona ya kumbura, don na san Baba ba ya magana biyu.

Ba ki yi jayayya da kowa ba. Kika zo zaurenmu, kika durƙusa da gwiwar nan taki, kika ce, "Malam, kana da gaskiya. In na killace filin, na suturta su, ka amince?" Ya ce, "In kin iya."

Simintin tsohon filin duk ya farfashe, sai kika kira gayyar daɓe, kamar mai gyaran ɗakin amarya. Mata suka zo daga Kahu da Yalwa da madaɓansu, aka zuba jar ƙasa da tsakuwa, ana yayyafa ruwan makuba, ana bugu ana waƙa. Makiyayan da ke bayan makaranta suka kawo zana aka kewaye. Kika zana layuka da farar ƙasa, kika ɗinka mana dogayen riguna da wanduna. Baba ya zo da kansa, ya zagaya ta waje yana neman kafar leƙe, bai samu ba. Da safe ya ce in yi sauri kada in makara. Da ba don wannan daɓen ba, da yau ban riƙe alli ba.

Sai dai daɓe ba ya jure ruwan sama, kowace kaka sai an sake, kuma ke ce mai kira. Bana kina kwance, ciyawa ta cinye filin, zana ta zube. Har an fara cewa a haɗe shi da gonar gyaɗar makaranta. Yara goma sha ɗaya ke jiran a buɗe musu, suna tambayata, ni kuwa ba ni da bakin da zai tara mata irin naki. Wannan ya tsaya mini a rai tare da rashinki.

Ranar sadakar uku, Inna Fanta ta Kahu, wadda take ja muku waƙar daɓe, ta kamo mayafina ta ce, "Ke Zulaiha, kuka ba ya daɓe fili. Yaushe za mu zo?" Da na koma gida na faɗa wa Baba, ban zaci zai tanka ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Su sa rana. Zanar bana ni zan kawo. Matar nan ta cika mini alkawari."

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Salamatu, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Alhaji Haliru, da 'ya'yanta Murtala da Mufida, da dangi na Rano da Rurum, da dukkan mu da ta tsaya wa muka gama karatu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.