Ranar da Ummusalama Ta Faɗi Suna Uku

Ummusalama 'yar goggona ce, taubashiyata, don haka duk abin da na rubuta a kanta ba ta da inda za ta kai ƙara. Daga kasuwar hatsi ta Gadarif har gonakin Gadambaliya ba a haifi matsoraciya irinta ba. Tana tsoron kunama, tana tsoron ramin da kunama ta tashi daga ciki tun bara. In tarakta ta yi tari a bayan gida, sai an nemo ta a ƙarƙashin gado. Duk wannan ina tsokanarta da shi. Tsoro ɗaya ne ba na taɓawa, wato na kwarin Abu Farga, rafin yashi da ke gefen unguwarmu, wanda sai da damina yake kawo ruwa.

Muna yara, wata damina, aka aike ta ƙetaren kwarin tare da ƙaninta Arzika. Rana tsaka ce, ko girgije babu a kanmu. Ashe an yi ruwa can wajen tuddai. Suna tsakiyar yashi ruwan ya iso, ja wur, ɗauke da itatuwa da mushen akuya. Hannun Arzika na cikin nata, sai ga hannunta babu kowa. Tun daga ranar, in ta ji kwarin na gurnani, ko ruwan randa ba ta iya sha.

Ita ta yi karatu har ta gama sakandare. Ni kuwa na yi sallama da makaranta tun malamai na ganin girmana, na koma ɗaukar buhunan dawa da riɗi. Ta auri Jibrin direban tarakta, ɗan marigayi Malam Rufa'i limamin unguwarmu. Da ta haifi ɗan fari namiji aka maida masa sunan kakansa. To kun san halinmu. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukinta, ɗan fari kuwa ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Mu a nan mun riƙe wannan fiye da waɗanda kakanninmu suka baro a gida kafin su kamo hanyar Makka. Ummusalama takan ce wa yaron "wancan", wani lokaci "kai".

Da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya bi ta rawda, makarantar ƙananan yara, kafin firamare, aka buɗe guda a unguwarmu aka ba ta. Ɗakin ciyawa ne da rumfa, da tabarmi, da randa. Yaranmu da Hausa zalla suke zuwa, firamare kuwa da Larabci ake yi. Ita ke buɗe musu baki, ta koya musu baƙaƙe da ƙirga da wanke hannu. Da "wancan" ya isa shiga, ta zaunar da shi can baya kusa da randa, ta juya masa ƙeya kamar yadda ya dace.

Sai labari ya zo cewa rawdojin sun yi yawa, da dama kuma suna kawai suka tara. Muwajjih, mai duba makarantu, zai zaga su duka. Wadda ta gaza za a rufe a haɗe ta da wata. Tamu in ta faɗi, da babbar da ke ƙetaren kwari za a haɗa.

Ummusalama ta daina cin abinci. Na rantse ta rame har sai da ta riƙa riƙe zanenta da hannu.

"Ke matsoraciya," na ce mata, "muwajjih mutum ne, ba kura ba ne."

"Harisu, yau ba na wasa. Yara 'yan mitsi-mitsi, safe da rana, cikin yashin nan? Wa zai riƙe hannunsu?"



Ga shi damina ce, rabin unguwa sun kwashi 'ya'yansu sun tafi aikin ciyawa a gonaki. Wasu malamai a wasu unguwanni sai suka riƙa aro yaran maƙwabta su cika tabarma ranar duba. Muwajjih ya gano su. Daga nan duk inda ya shiga sai ya nuna yaro ya ce malama ta faɗi sunansa cikakke yadda hukuma ke kira: nasa, na ubansa, na kakansa. In ta yi inda-inda, an gama da ita.

Ranar da ya zo ina kan rumfa ina gyara inda take yoyo. Dogo ne, da farar jallabiya da rawani kamar faifai. Matan unguwa suka yi layi a bayan zana suna leƙe, a gabansu Hajiya Jummare, uwar Jibrin, wadda in ta kalli nono sai ya yi tsami. Daga nesa kwarin na gurnani, don an yi ruwa da safe.

Yara suka yi ƙirga, suka yi waƙar baƙaƙe. Muwajjih ya nuna wata yarinya, Ummusalama ta zubo suna uku. Ya nuna wani, ta zubo. Ko tuntuɓe ba ta yi ba. Har na fara shirya tsokanar da zan yi mata da yamma.

Sai ya taka har gindin randa.

"Ya ustaza," ya ce da Larabci, wato malama, "tun da na shigo ina lura. Wannan yaron ba ki tambaye shi komai ba, ko kallonsa ba ki yi ba. Na aro ne?"

Ta girgiza kai, idonta a ƙasa.

"To sunansa."

Suna ukun nan, ɗanta ne da mijinta da surukinta, a numfashi ɗaya, a gaban Hajiya. Ko ta ce "ɗana ne" ma bakinta ba zai iya ba. Na leƙo ta ramin ciyawa na ce, "Ya ustaz, ai yaron nan..."

"Ba da kai nake ba, ya zol," ya ce, wato kai mutumin nan. "Yi aikinka." Ya juya gare ta. "Malamar da ba ta san ɗalibinta ba, ban ga abin da zan bar mata rawda ta yi da ita ba."

Ummusalama ta dubi zana. Hajiya ta kafe ta da ido ko ƙiftawa babu. Zufa na bin wuyan taubashiyata. Muwajjih ya gyara rawani ya nufi ƙofa. A daidai nan iska ta juyo, ta kawo gurnanin kwarin har cikin rumfa, kamar a bayan zana yake.

Ta runtse ido.

"Rufa'i," ta ce. "Rufa'i Jibrin Rufa'i."

Wata a bayan zana ta yi salati. Yaron kuwa, da bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, ya miƙe tsaye a tsorace ya ce, "Na'am, Inna?"

Muwajjih ya dubi yaron, ya dube ta, ya ce "Kwayis", wato madalla, ya umarce ta ta riƙa tambayar yaran baya kamar na gaba, ya shiga mota. Shi a ganinsa suna kawai aka faɗa.

Hajiya Jummare ta daina amsa gaisuwar Ummusalama. A rijiya mata na katse hira in Ummusalama ta iso. Jibrin ya dawo daga gona aka tare shi da labari tun a tasha, ya shigo gida ya wuce ta ko kallo babu, wanda ya fi duka ciwo. Amsar hukuma kuma ta ƙi zuwa. Duk motar da ta ratso unguwa sai Ummusalama ta dafe ƙirji.

Can ƙarshen damina aka aiko cewa an bar rawdarmu bana, baɗi za a sake dubawa. A makon nan kwarin ya yi cikar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, ya tafi da keken jaki har da jakin, daidai lokacin tashin yara. Namu suna zaune a rumfa ƙafafunsu a bushe. Hajiya ta zo ta tsaya bakin zana tana sauraron ruwan. Ta daɗe, sannan ta ce, ba tare da ta kalli surukarta ba, "Ke, mai baki. Shigar da su ɗaki, iska ta yi yawa."

Har yau in na gan ta nakan ce, "Ustaza, suna uku!" Sai ta rarumo muciya. Ba ta sake faɗa ba, ko sau ɗaya. Amma damina ta sake matsowa, an ce muwajjihin bana sabo ne, kuma tun jiya ta koma riƙe zanenta da hannu.