Tsohon da Ke Kallon Rufi

A ɗakin jiran ofishin nan kowa ƙofa yake kallo, shi kuwa tsohon sama ya zuba wa ido. Siminti ya cinye tafin hannunsa, kamar na marigayi kakana, wanda shi ma magini ne. Yana bin wata tsaga a rufin, leɓensa na rawa.

"Ɗana, a fitar da mutane," yake ce wa maigadi. "Ginin nan ya gaji."

"Baba, injiniya aka biya ya duba. Kai nawa aka ba ka?"

"Ko sisi."

Ana ta dariya. Ina jin da ya yanka farashi, da an saurare shi. Layi ya kusa zuwa kansa, amma ga shi yana fita da baya-baya. Ni kuwa ina zaune, garin siminti na sauka a kan mayafina.