Ranar da Aka Are Mu

Wata safiyar Talata ce cikin daminar 2004, Inna ta tsayar da ni a bakin randa tana dirza min wuya da soso kamar na yi mata laifi. Duk gidajen ƙauyenmu na gefen dam ɗin Tagwai abin da ake yi ke nan: ana wanke yara, ana shafa musu man kaɗanya, ana zaƙulo kayan Sallah da na Kirsimeti daga ƙasan akwati. An ce baƙi daga gwamnati za su zo ganin yara, a zaɓi unguwannin da suka fi buƙata a gina musu ɗakin reno, da abinci da mai kula.

Ni na fi kowa zumuɗi, kuma da dalilina. Shekarata tara, amma ban taɓa yin mako guda cur a aji ba. Inna na banda kifi ta kai kasuwa, Baba na kan ruwa tun asuba, ƙanena Bello kuwa a bayana yake kwana yake tashi. Da shi nake ɗebo ruwa, da shi nake tsintar itace, da shi nake korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Ko 'yar gala-gala ƙawayena ke yi, sai dai in tsaya kallo, don ina yin tsalle zai callara ƙara. Maƙwabciyarmu Maman Joy, 'yar kudancin Kaduna, takan karɓe shi in ta samu sarari, amma ita ma ga nata biyu ga tuyar ƙosai. Inna ta yi min alkawari, ranar da aka buɗe ɗakin nan zan sauke goyo in ɗauki jakar makaranta.

Kawu Sale ne ya kawo labarin. Abokin Baba ne da ya koma unguwar Fadikpe a cikin gari yana bin 'yan siyasa, amma in ya zo kwano ɗaya suke ci, shi ya sa muke ce masa kawu. Ya ce motar baƙin ba za ta iya taɓon hanyarmu ba, a ba shi yaran ya kai su inda baƙin suke. Wa zai ce a'a? A wajenmu turmi ake ara, tabarma ake ara, har yaro ake ara ya raka amarya. Iyayenmu mata suka loda mu a bas, kowace yarinya da goyonta, Maman Joy har da ƙulla mana ƙosai a leda.

A wani fili kusa da gidansa aka sauke mu, aka zaunar da mu cikin rana. Cikin baƙin akwai wata mata mai tabarau. Ta dubi fason ƙafafunmu, ta dubi Bello yana tsotsar bakin zanena, na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce lallai wannan unguwa tana cikin buƙata. Wallahi daɗi na ji. Ta tambaye ni ko ina son makaranta, na ce ina so da ƙarfina, aka yi dariya, aka ɗauke ni hoto. Ba wanda ya tambaye mu daga ina muke, mu kuma ba mu san abin faɗa ba ne.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, shiru kake ji. Inna ce ta gano, ranar da ta biyo ta Fadikpe da tiren kifi. Ɗaki ya tashi a filin nan, fenti shuɗi, lilo a gaba, matar Kawu Sale ce mai kula. Washegari ta goya Bello ta ja hannuna muka je, aka ce mata na yaran unguwa ne. Na leƙa ta taga, sai ga hotona a bango, da Bello a bayana, ina washe baki. Kawu Sale ya fito yana gyara hula, wai a yi haƙuri, zagaye na biyu namu ne. Inna ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Sale," ta ce, "ko turmi mutum ya ara, yakan bar ɗan gari a ciki."

Da Maman Joy ta ji, cewa ta yi, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Baba bai sake haɗa kwano da Kawu Sale ba. Zagaye na biyun bai zo ba. Sai da Bello ya isa shiga aji sannan na samu zama, benci ɗaya da shi, zanƙaleliya da ni, yara na tsokanata da Anti. An cuce ni, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yanzu ina da 'ya'yana. In maƙwabciya ta ce in ara mata yarinya ta aike ta, sai na tambayi ina, wajen wa, yaushe za ta dawo. Ina kewar iyayen nan da suka loda mu a bas suna ɗaga mana hannu, ba su tambayi komai ba. A ranar nan da yamma Kawu Sale ya dawo da mu cif, amma yardar nan har yau tana wajensa.