Ruwan da ke Ƙarƙashin Katako

Daudu mai wankin mota maƙwabcina ne a wurin sana'a. Ni ina faci a gindin darbejiya, shi kuma yana wanki a wani tudu da ke gefena, a bakin hanyar da ta fita daga Kazaure ta nufi Roni. Mun daɗe tare, har ko tari ya yi daga nesa na san nasa ne.

Bafulatani ne na wajen Gwiwa. Shanun gidansu sun ƙare tun yana saurayi, wasu ciwo ya kwashe, wasu kasuwa ta cinye. Ya shigo gari ya gwada dako, ƙashinsa bai ɗauka ba. Ya koma tura kurar ruwa, daga kai wa masu wanki ruwa ne har shi ma ya kama soso. Dogo ne siriri, tafin ƙafarsa kullum fari fat saboda omo, kuma ban taɓa ganin mutum mai fargaba irinsa ba. Ko hadari ya gani a gabas sai ya fara lissafin rufin ɗakin da ba nasa ba.

Fargabar nan ita ya kawo cikin aikinsa. A wurin Daudu wanki ba komai ba ne, fitar da ruwan shi ne aiki. Saboda haka ma ya zaɓi tudun nan. Zai sa a ɗaga hancin mota sama don ruwa ya gangara ta baya, ya buɗe ƙofofi, ya bi ƙananan ramukan da ke ƙarƙashinsu da silin keke yana tsokalo lakar da ta toshe su. Daga nan ya jijjiga ƙofar baya ya kara kunne, ko zai ji ruwa yana motsi a ciki. Direbobi su yi ta danna masa ham, shi ko a jikinsa. Nakan ce masa, "Daudu, mota ce fa, ba jaririya ba." Sai ya ce ruwan da ya kwana a ƙarfe tsatsa yake haifarwa, ranar da bodi ya huje kuwa sunansa za a kira. Ya taɓa barin abincinsa ya hau acaɓa ya bi wata mota har tasha, don ya tuna akwai ramin da bai tsokala ba. Na yi masa dariya ranar har cikina ya yi ciwo.

Akwai wani direba, Yakubu, mai tsohuwar a-kori-kura fara. Da kaka riɗi yake ɗaukowa daga ƙauyuka. Riɗi kuwa ƙwayarsa ƙanana ce, buhu yana yagewa sai ya tsiyaye ta kowace kafa, a isa kasuwa ana rigima da mai kaya. Don haka masu jigilarsa suke toshe ramukan da aka yi wa bodin mota don fitar ruwa. Yakubu ya wuce kowa. Ya cika wasu da kwalta, ya sa an yi wa wasu walda, ya liƙa robar taya a bakin ƙofar baya, sannan ya shimfiɗa katako a kan daɓen ya ɗaure da noti. Ƙwaya ɗaya ba ta faɗuwa, yana kuma alfahari da hakan.

Ranar da nake son ba da labarinta, da hantsi Yakubu ya iso daga Babura, ya sauke wa mahauta shanu. Bayan motar kaca-kaca da kashi da fitsari. Daudu ya kwarara ruwa, ya dirje, ya sake kwararawa. Sai na ga ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Lawal, ruwan da na zuba bai fito ba," in ji shi.

Ruwan ya shige tsakanin katakan ya kwanta a ƙasa, inda tsohon ƙaiƙayi da kashin shanu suka taru suka zama kamar soso. Daudu ya taka katako ɗaya, baƙin ruwa ya ɓulɓulo ta gefe, ya ɗaga ƙafa ruwan ya koma. Yana cikin wannan ne wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa Sadiyya ce daga ƙauye, muryarta har inda nake.

"Yaya Daudu, Inno ta faɗi a bakin rumbu. Hannu da ƙafar dama sun saki, ko zama ba ta iya yi. Ka zo da mota."

Inno mahaifiyarsu ce. Ranar kuma motocin da muka sani duk sun tafi cin kasuwa. Keke mai ƙafa uku ba zai iya duwatsun hanyarsu ba, balle ga wadda sai a kwance. Motar Yakubu kaɗai ce a gabanmu, shi kuma, Allah ya saka masa, bai jira a roƙe shi ba ya zaro makulli.

Muka waiga babu Daudu. Ya shige ƙarƙashin mota da ƙusa da guduma.

"Malam Daudu, fito mu tafi," in ji Yakubu. "Hanya za ta zubar da ruwan."

"Ta ina zai zuba? Kai da ka liƙe motar nan kamar randa."

Ya samu ya huda kwalta a rami ɗaya. Ruwa ya fara zirara siriri kamar daga bakin buta, can ƙaiƙayi ya sake toshe shi. Sauran ramukan walda ce, ƙusa ba ta cin su. Ya fito ya kama notin katako, sun yi tsatsa sun zama ɗaya da ƙarfen. Ya ɗora musu sifana don ya kwance, tana zamewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ganin rana tana ɗagawa.

Na ce, "Daudu, uwarka tana kwance a ƙasa kai kana kokawa da noti?"

"Ba ka san Inno ba, Lawal. Ko ɗan akuya ya taka tabarmar sallarta sai ta kai ta rafi. In je in kwantar da ita a fitsarin shanu?"

Ya sake komawa ƙarƙashi. Ni kuwa na kama ƙafarsa na jawo shi waje kamar buhu. Bai yi min gardama ba. Ya kwashi buhunan da babu komai ciki da tsummokaransa, ni na ɗauki famfo da kayan faci saboda na san tayoyin Yakubu, muka hau baya.

A ƙauyen mun tarar an kwantar da ita a zaure. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, bakinta ya karkace, amma idonta tarwai. Daudu ya shimfiɗa buhuna, ya ɗora tabarma, ya ɗora wata siririyar katifa a jikin kan mota, inda jijjiga ba ta da yawa. Da aka ɗauko ta sai ta buɗa hanci, ta dubi katakan. Da ƙyar maganar ta fito.

"Da tsarki?"

"Na wanke, Inno," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Sadiyya ta tsaya haɗa kaya, za ta biyo mu a babur da mijinta. Muka kama hanya, Daudu a wajen kan Inno, ni a can baya da yankakken galan.

Hanyar nan hawa ce da gangara a tsakanin duwatsu. Nauyinmu ya danne katakan, ruwan ya fara fitowa. In mota ta kama hawa sai ya gangaro wurina, in yi ta kwasa ina watsarwa. In ta kama gangara, ko Yakubu ya taɓa birki, sai ya kwasa gaba gaba ɗaya. A gangaren farko buhuna suka jiƙe. A na biyu na ga gefen katifar ya yi baƙi, baƙin yana ci yana matsowa wajen zanenta. Na cire rigata na tare, ba ta tare komai ba.

Daudu ya zauna daɓas a cikin ruwan, ya jingina da kan mota, ya miƙe dogayen ƙafafunsa. Ya ɗago Inno ya kwantar da ita a kansu, kanta a ƙirjinsa, ya tattare zanenta ya cusa a tsakanin jikinta da nasa. Ɗan fari ne, irin wanda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ko cin abinci a gabansa. Na ga ta kawar da fuska don kunya, amma ba ta da ƙarfin ƙi. Ya ja mayafinta ya kare mata rana.

Ya leƙa ta tagar direba. "Yakubu, don Allah ban da birki mai ƙarfi."

Yakubu ya shiga uku. Ana so ya yi sauri, ana so kada ya taka birki, ga awaki suna tsallaka hanya, ga ramuka. Duk sanda motar ta rage gudu sai ruwan ya taso ya bugi cinyoyin Daudu, shi kuma ya ƙara ɗaga gwiwoyinsa, ya riƙe a haka har jijiyoyin wuyansa su fito. Ni ina kwasa, ina duban hanya, ina jin kamar Kazaure matsawa take yi gaba. Da farko ina jin yana yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Daga baya ya yi shiru, na ɗauka gajiya ce.

Muka hau kwalta, Yakubu ya sakar wa motar wuta. Da muka shiga asibiti a hankali ya tsayar da ita, sai ka ce ƙwai ya ɗauko. Ma'aikata suka turo gado. Daudu ya ce, "Ku ɗaga ta sama sosai, kada zanen ya taɓa ƙasa."

Wata ma'aikaciya ta hau, ta ɗage mayafin, ta kama wuyan hannun Inno. Ta daɗe riƙe da shi. Ta taɓa wuyanta, sannan ta ɗago ta dubi Daudu.

"Na sani," in ji shi.

Muka yi salati. Na ajiye galan ɗin. Har yau nakan tambayi kaina ko lokacin da ya ɓata a ƙarƙashin mota ne ya ci mu, ko kuwa ko tashi muka yi sama da kwananta ya ƙare. Ban taɓa tambayarsa ba, ba kuma zan tambaya ba. Abin da na tambaye shi a wurin ɗaya ne.

"Tun yaushe, Daudu?"

"Tun kafin mu hau kwalta."

"Me ya hana ka magana?"

"In na buga gilashi, Yakubu birki zai taka."

Aka ɗage ta daga jikinsa. Na dubi zanen da kyau, daga sama har ƙasa, a bushe yake. Shi kuwa ƙafafunsa sun sage, ya yunƙura ya kasa tashi, sai da ni da Yakubu muka kama shi muka sauko da shi, wandonsa yana ɗigar baƙin ruwa.