Wuƙar da Maƙwabta Suka Bari Ajiya a Makidoniya

Ana idar da sallar asuba muka bar Dira, unguwar da shagona yake a birnin Riyad na Saudiyya, ni da abokin tafiyata, wani magini Musulmi ɗan Makidoniya da ke aikin dutse a Dir'iyya, nan kusa da birnin. Sana'ata tsofaffin kaya ce, takubba da dardumai da butocin gahawa. Shi ya nuna mini hoton wata wuƙa da ke gidansu, na kai hoton ga wani attajiri a unguwar Ulaya mai tara makaman dauri, ya ce ko nawa ne in kawo masa. Kafil, wato ɗan ƙasar da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, ya sa hannu a takardar fita, muka kama hanya.

Ta Istanbul muka bi, muka sauka Skopje, daga nan muka hau mota muka yi kudu. Hanyar tana bin gindin duwatsu, ga sanyi mai shiga ƙashi. Wajen Prilep kusan kowane gida an rataye ganyen taba da jan tattasai suna shan iska. A wani gidan abinci aka kawo mana wake gasasshe a kaskon ƙasa da burodi mai zafi, kuɗinsa bai kai na kofin gahawa a Ulaya ba. Sau uku ina tambaya ko babu naman alade, har mai abincin ya ɗauko cokali ya tone mini waken har ƙasa.

Abokina ya ce sai na ga Krushevo kafin in ga wuƙar. Gari ne a ƙwanƙolin dutse. A can ya ba ni tarihin. A ƙarshen ƙarni na sha tara, ƙasar tana hannun Daular Usmaniyya, wasu malaman makaranta da wani likita suka kafa ƙungiyar asiri. Abin da suka sa a gaba shi ne a bar Makidoniya ta riƙa tafiyar da harkokinta da kanta. Suka bi ƙauyuka suna rantsar da manoma a kan Linjila da wuƙa da bindiga. Da tawaye ya tashi daga baya, kwana goma suka riƙe wannan garin, sannan sojoji suka zo da igwa da wuta.

Ba zan ɓoye ba, da farko zuciyata tana wajen Sarkin Istanbul, tunda Musulmi ne. Amma mutum irina, wanda ya shekara ashirin yana ciniki a shagon da ke ɗauke da sunan wani, ba sai an yi masa dogon bayani a kan buƙatarsu ba.

Washegari muka isa ƙauyensu. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai farin kallabi, ta ba mu gahawa, sannan ta warware wani ƙyalle. Ƙarfen maƙerin ƙauye ne, ƙotar ta ƙaho, an zana mata ƙaramin gicciye, babu tsatsa ko ɗigo. Irin wannan kaya labarinsa ke sayar da shi, don haka na nemi asalinta, ɗanta yana fassara.

Ta ce ta maƙwabtansu ce, Kiristoci, a gidansu ake yin rantsuwar. Ranar da sojoji suka shiga bincike gida-gida, matar gidan ta miƙo wa kakar mijin wannan tsohuwa wuƙar ta kan katanga, don tana ganin ba za a binciki gidan Musulmi ba. Aka ƙone gidan maƙwabtan, suka gudu, ba wanda ya dawo. Tun daga nan duk amaryar da aka kawo sai an nuna mata wuƙar, ita ke shafa mata mai duk kaka.

Abokina ya ce shekara ɗari ta wuce, ba mai zuwa, ga rufin ɗakinta yana yoyo. Ta ce shi ne namijin gidan, ba za ta riƙe masa hannu ba. Sai ta juyo wajena.

"Ɗana, ni dai ce mini aka yi ajiya ce. Daga ƙasa mai tsarki ka zo. In ka san malamin da ya ce ajiya in ta daɗe takan zama gado, faɗa mini sunansa."

Na daɗe ina kallon wuƙar. Na san abin da za ta kawo mini a Riyad.

"Inna, ban san shi ba," na ce, na mayar mata da ƙyallen.

Muka koma Skopje. A filin jirgi abokina ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba, ya tsaya ƙarasa hutunsa.

Na dawo Dira hannu rabbana. Na gaya wa attajirin gaskiya, ya ce khalas, wato shi ke nan, bai sake nemana ba. Da can ina tambayar asalin kaya ne don in san yadda zan tsuga musu kuɗi. Da na buɗe shago na bi takubban da ke rataye da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai na ga yawancinsu ban san daga gidan wa suka fito ba, ban kuma san ko mai gidan ya sallama ba. Yanzu kafin in taɓa ƙarfe, wannan nake fara tambaya.