Wuyan da Aka Hana Yaya Sule Taɓawa

Shekara talatin ke nan da aka binne Yaya Sule a Bawku, inda aiki ya kai shi ajali ya same shi. Bana sai ga jikokin tsohon surukina da goron gayyata, wai za a yi masa addu'a a Salaga, wai shi abin alfaharin dangi ne. Na karɓa don ba a mayar da goro, amma wallahi raini ne ya cika mini ciki. Gidan da ya hana shi tabarma yana raye, yau shi ne mai shimfiɗa masa darduma.

Yaya Sule wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Zamanin Turawa, gab da babban yaƙi, ciwon barci ya addabi ƙasar nan, aka ɗauke shi cikin masu duba jini. Daga Salaga har Bawku suke yawo da madubin likita a akwati. Wata rana ya ɗiga ruwan kududdufi a gilashi ya ce in leƙa. Yinin nan ban sha ruwa ba. Halittu ne birjik, kowace ƙwaya ɗaya tak, su ba dabba ba, su ba tsiro ba. Ya ce da tafiyarsu ake rarraba su. Wasu gashi ne ya rufe su suna tuƙi da shi. Wasu ba su da siffa, sai su miƙe kamar kunu ya zube, cikinsu har da mai kawo atini. Akwai masu lafewa cikin jini, irin na zazzaɓin sauro. Sannan masu bulala, kuma a cikinsu ne mai ciwon barci yake, wanda ƙudan tsando ke ɗaukowa.

Kafin a kai ga madubi, sai an shafa wuyan mutum a ji ko akwai kaluluwa. Nan aka yi ta. A Salaga kowa ya san wanda ake shafa wa wuya: bawa, ranar kasuwa, don kada mai saye ya kwashi marar lafiya. Saboda haka manyan gidajen fataken goro suka riƙa tura 'ya'yan barorinsu layi, suna ɓoye nasu. Ka ji dabara, barori na samun allura, 'ya'yan gida na samun asali.

A lokacin yara biyu ne a gidan aurena a Salaga suke gyangyaɗi da abinci a baki: ƙaramin ɗana Habu, da Tanko, autan surukina Alhaji. Yaya Sule ya zo da kansa, ya durƙusa a zaure.

"Baba, a bar ni in taɓa wuyansu kawai. In an kama shi da wuri, allura na kashe shi."

Alhaji ya ce, "Sule, a gidan nan mu muke shafawa, ba a shafa mu. Tashi."

Washegari aka ɗora Tanko a jaki zuwa Yendi, don kada hannun kowa ya kai gare shi. An ce Habu zai bi ayari na gaba. Ni kuwa da rana tsaka na goya shi, ƙafafunsa na dukan gwiwata, na ratsa kasuwa har gindin bishiyar da ake layi, na tsaya tsakanin matan barori. Yaya Sule ya shafa, ya tsotsi ruwan kaluluwar da allura, ya leƙa, ya ce, "Ga ta nan da bulalarta." Kafin in koma gida an fitar mini da kwanukana ƙofa.

Tanko bai ga damina ba. Aka ce sammu ne, don sammu ciwon manya ne.

Da Yaya Sule zai leƙo yau, zai ga ana sayen ƙwayar magani a tashar mota ba gwaji, zai ga har yanzu ana tonon kakan mutum kafin a ba shi mata. Hali zanen dutse. Ba zai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa, ni ce mai bakin.

Bai bar gida ba, bai bar shanu ba, madubin ma na gwamnati ne. Addu'a kuwa ina yi masa kullum, ba sai an kafa rumfa ba, don haka Salaga ba za ta gan ni ba. Masu neman abin da ya bari su dubi rubutun nan. Ni ban iya boko ba. Ina faɗa ne, Habu yana rubutawa, jikarsa na bisa cinyarsa.